Zafin Cikin Ƙasa: Kafin A Tona, A Fara Da Doka

 

Yau zan ɗan kauce daga zancen da muka saba na shayarwa da zazzaɓi da abincin yaye. Abin da na zo da shi zai yi miki kama da hirar injiniyoyi da 'yan majalisa, amma ki daure ki bi ni, domin ƙarshensa yana ɗakin haihuwa, yana kuma cikin randar da yaranki ke sha. Zancen wutar lantarki ne da ake samarwa daga zafin da Allah Ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa, da kuma dokar da ya kamata ta riga injin tono isowa.

Wane zafi ke nan?

Idan kin taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi da asubar hunturu, kin san guga kan fito da ruwa mai ɗumi-ɗumi, alhali na randa ya yi sanyi har yana cizon hannu. Da bazara kuma rijiyar nan ce ke ba ki ruwa mai sanyi. Sirrin shi ne ƙasa tana riƙe da zafinta daidai wa daida, iskar waje ce ke hawa da sauka. Idan kuma aka ci gaba da nutsawa, zafin ƙaruwa yake yi. A yawancin wurare, kowace kilomita ɗaya ta zurfi tana ƙara kamar digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin zafi. Can tsakiyar duniya kuwa zafin ya haura digiri 5,000.

Akwai yankunan da wannan zafi ya matso kusa da doron ƙasa, musamman inda ake da duwatsu masu aman wuta ko inda ƙasa ta tsage. Ruwan sama yana tsiyaya ta cikin tsagar duwatsu, ya isa inda dutse ke da zafi, ya tafasa a can. Sai a haƙa rijiya mai zurfin kilomita 2 ko 3, tururi ya taso da ƙarfi ta cikin bututu, ya juya farfelar inji, injin ya ba da lantarki. Kin ga yadda murfin tukunya ke rawa idan ruwan tuwo ya tafasa? Ƙarfin nan ne, sai dai an ninka shi sau dubbai. Ruwan da ya huce kuma a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar ya sake ɗaukar zafi.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A garin Larderello na ƙasar Italiya aka fara kunna ƙwan lantarki da tururin ƙasa a 1904. A ƙasar Aislan, can ƙuryar arewacin Turai inda sanyi ke da tsanani, kusan gida 9 cikin 10 da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama su.

Abin da ya bambanta wannan wuta da sauran shi ne ba ta da dare ba ta da rana. Ba ruwanta da hadari ko hazo, ba ta jiran madatsar ruwa ta cika, ba a sayen dizal ko gas a zuba mata.

Me ya haɗa uwa da zancen lantarki?

Za ki ce wannan ai damuwar masu masana'anta ce. To bari in kai ki asibiti.

Yawancin alluran rigakafin da ake yi wa jaririnki dole a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan firji ya mutu a watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke kai wa digiri 40, allurar na iya rasa ƙarfinta ba tare da kamanninta sun canza ba. Allurar oksitosin da muke yi wa mace bayan haihuwa domin mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ita ma sanyi take so. Na'urar da ke tace iskar oksijin ga yaro mai ciwon huhu da lantarki take aiki. Haka kwalbar ɗumama bakwaini, da fitilar da ake haska jariri mai shawara, da firjin ajiyar jini. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta yi aikin dare a ƙaramin asibiti ta san yadda ake ɗinkin mai jego da fitilar waya a baki, hannu biyu na aiki.

A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar da rahoton da ya nuna kusan mutum biliyan 1 a duniya asibitocin da suke zuwa ko ba su da lantarki sam, ko kuma wadda suke da ita ba abin dogaro ba ce. Mu ba sai an karanta mana rahoto ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da niƙa sun san asarar da suka yi. Wutar da muke kunnawa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu daga nesa take zuwa, ta keto ɗaruruwan kilomita a kan turaku, kuma duk inda turke ɗaya ya faɗi mu ne a duhu. Shi ya sa duk wata hanya ta samar da wuta kusa da gida ta cancanci uwa ta saurara.

Yadda Kenya ta yi

A Afirka, Kenya ce kan gaba. Tana kan wata doguwar tsaga da ta ratsa gabashin nahiyar, inda zafi ke kusa ƙwarai. A 1981 ta kunna injinta na farko a Olkariya, kusa da tafkin Naibasha, mai ba da megawat 15 kacal. Yau abin da take iya samarwa daga zafin ƙasa ya haura megawat 900, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga nan yake fitowa. Don ki gane girman abin, Najeriya mai mutum sama da miliyan 200, abin da babban layinta ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne yadda hukuma ta shiga ciki. Shekara ɗaya bayan kunna injin farko, a 1982, Kenya ta yi doka ta musamman a kan albarkatun zafin ƙasa: wa ya mallake su, wa zai ba da izinin bincike, wa zai ba da lasisin tono. Daga baya aka lura cewa 'yan kasuwa na tsoron sa kuɗinsu, domin rijiya ɗaya na cin miliyoyin daloli, kuma ana iya gama haƙa ta a tarar babu tururin kirki. Sai gwamnati ta kafa kamfaninta a 2008, aikinsa ya ɗauki wannan kasadar, ya yi bincike ya yi tono, in an samu tururi a sayar wa masu kafa injuna.

A 2019 suka sake sabunta dokar makamashi, suka rubuta yadda za a raba kuɗin da kamfanoni ke biya na cin moriyar albarkatun: kashi 75 na gwamnatin ƙasa, kashi 20 na gwamnatin yankin, kashi 5 na al'ummar da abin ke ƙarƙashin ƙasarsu. Ana iya cewa kashi 5 ya yi kaɗan, ni ma haka nake gani. Amma a rubuce yake, mutumin ƙauye na iya ɗaga takarda ya ce ina namu.

Duk da haka ba a rasa kuka ba. A 2014 aka tashi gidaje kusan 150 na makiyayan Masai domin faɗaɗa aikin Olkariya. An gina musu sababbin gidaje, amma suka kai ƙara ga bankunan da suka ba da bashin aikin, cewa an bar wasu a baya wajen rabo, kuma sabon wurin bai kai tsohon kyan kiwo ba. Masu bincike na bankunan suka tabbatar da cewa an yi kurakurai, aka zauna sulhu. Ko a inda doka take, sai da talaka ya ɗaga murya. Ina ga inda babu ita?

Mu fa, me muke da shi?

Najeriya ba ta da tashar lantarki ko ɗaya mai aiki da zafin ƙasa. Alamun zafin dai akwai su. Wadda ta taɓa zuwa Yankari a jihar Bauchi ta san ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31 rani da damina. Akwai Ikogosi a jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa. Akwai Akiri a ƙaramar hukumar Awe ta jihar Nasarawa, da Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, waɗanda zafinsu ya haura digiri 50. A Borno wasu rijiyoyin burtsatse masu zurfi da zafinsu suke fitar da ruwa. A Nijar kuma akwai Tafadak a arewa da Agadas, inda mutane ke zuwa wanka neman sauƙin ciwon gaɓoɓi.

Sai dai ruwan da zai yi wanka daban, wanda zai juya inji daban. Lantarki yawanci na buƙatar zafin da ya kai digiri 100, an fi son 150 zuwa sama. Maɓuɓɓugan nan namu ishara ce kawai, sai an yi tono mai zurfi an auna kafin a san abin da ke ƙasa.

Game da yankinmu kuwa, gaskiya ɗaya ce. Gusau da Tsafe da Bunguɗu a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune. Dutsen Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe kansa ne ya leƙo waje. Shi ya sa mai haƙa burtsatse a unguwanninmu kan sha wahala, wani lokaci a yi rami biyu ko uku kafin a dace da tsagar da ke da ruwa. Ba mu da dutse mai aman wuta, ba mu kan tsaga irin ta Kenya. Sai an nausa yamma, wajen Talatar Mafara da Bakura zuwa Sakkwato, ƙasa ke komawa ta yashi da laka mai riƙe ruwa a zurfi, irin wadda masu bincike suka fi sa wa ido tare da kwarin Binuwai da yankin tafkin Chadi. Saboda haka idan wani ya zo yana yi miki alkawarin cewa baɗi Zamfara za ta sha wuta daga zafin ƙasa, ki riƙe jakarki da kyau. Abin da ke kusa da hannunmu yau ita ce rana, wadda Allah Ya hore mana ba awo, kuma tuni firjin rigakafi mai aiki da sola ya shiga asibitocin karkara da dama.

To me ya sa na kawo zancen? Dalili biyu. Na farko, fasaha na tafiya. A jihar Yuta ta Amurka da wasu wurare ana gwada haƙa busasshen dutse mai zafi, a tsattsaga shi da ƙarfin ruwa, a tura ruwan sanyi ya dawo da zafi. Idan wannan ya yi araha, wuraren da ba a lissafa su a da za su shiga lissafi. Kuma ko ruwan da bai kai na lantarki ba yana da amfani: a Kenya ana ɗumama gidajen rainon furanni da shi, ana dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta, ana busar da hatsi. Macen da ta yi wankan jego ta san kuɗin itacen da ruwan zafi ke ci, ta kuma san abin da shiga daji neman itace ya zama a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu a shekarun nan.

Dalili na biyu ya fi nauyi. A duk Najeriya babu matan da suka fi na Zamfara sanin abin da ke faruwa idan aka taɓa arzikin ƙasa ba tare da tsaro ba.

Abin da muka riga muka gani

A farkon 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jini aka auna, aka gano gubar dalma ce. Maza na kawo duwatsun zinare gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Dubbai aka yi wa maganin fitar da gubar daga jini, wasu kuma ta riga ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan doguwar jiran kuɗi.

Ki lura da wannan: dokar ma'adinai ta ƙasa an yi ta tun 2007, shekara uku kafin wannan musiba. Tana nan a takarda. Abin da babu shi ne jami'in da zai taka zuwa ƙauye ya ce kada a niƙa wannan dutse inda yara suke. Daga baya, a Afrilun 2019, gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, ba ta ɗage ba sai a Disamban 2024.

Kafin wannan akwai Bakolori. An kammala madatsar a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da niyyar noman rani. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane, manoman fadama na ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suke noma da ita, rikicin diyya ya yi tsami. A Afrilun 1980 'yan sanda suka far wa manoman da suka tare hanyoyi, aka rasa rayuka da dama. Dattawan yankin Maradun da Talatar Mafara ba su manta ba.

Ga kuma 'yan'uwanmu na Tibiri, kusa da Maraɗi. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan wata rijiya mai zurfi, kowa ya yi murna da ruwan famfo garai-garai. Ashe sinadarin fuloraid ya yi masa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, na Tibiri ya ninka haka. Shekaru suka wuce ana sha kafin a farga, sai ga ɗaruruwan yara da haƙora sun dafe, ƙafafu sun gwame. Awon da bai fi na 'yan kuɗi kaɗan ba da ya tsare su.

Labarai uku, kuma a kowanne mata da yara ne suka fi ɗaukar nauyin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shi ma zafin ƙasa yana da nasa haɗarin

Wuta ce mai tsabta idan aka kwatanta da dizal da gawayi, amma ba a sake mata. Ruwan da ke fitowa daga zurfi mai zafi yakan ɗauko fuloraid da arsanik da gishiri iri-iri. Idan ba a mayar da shi ƙasa ta bututu mai kyau ba, zai iya shiga rijiyoyin sha da gonaki. Tururin kan zo da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kaɗan daga cikinta na sa ciwon kai da ƙaiƙayin ido, mai yawa a rufaffen wuri na kisa. Ga ƙarar tono dare da rana. Sannan tura ruwa da ƙarfi cikin dutse na iya motsa ƙasa. A Nuwamban 2017 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 5.4 ta afka wa birnin Pohang na Koriya ta Kudu, mutane da dama suka ji rauni, fiye da 1,000 suka bar gidajensu. A 2019 kwamitin da gwamnatin ƙasar ta kafa ya ce aikin gwajin zafin ƙasa da ke kusa ne ya tayar da ita.

Duk waɗannan ana iya kiyaye su, kuma ƙasashen da suka daɗe a harkar suna kiyayewa. Doka ce ke tilasta hakan, da jami'an da ke bin sawu.

Ina dokokinmu suka tsaya?

Ba mu da dokar da aka keɓe wa zafin ƙasa kamar ta Kenya. Abin da muke da shi gutsattsari ne a wurare daban-daban, kuma yana da kyau ki san su, domin su ne ke aiki a kan kowane babban aiki da za a kawo garinku, na zinare ne ko na sola ko na madatsa.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 44, ya ce ma'adinai da man fetur da gas da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a gonar mijinki suke. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, yana iya karɓar fili don amfanin jama'a, diyya kuma a kan abin da ke bisa filin ake biya, wato gini da shuka da itatuwa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfanin da ya samu lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Dokar 1992 ta auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta ce a yi nazari kafin a fara babban aiki, kuma akan baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu, har da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa.

Sabon abu shi ne dokar lantarki ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Ta ba jihohi ikon yin dokar lantarkinsu da kafa hukumar da za ta kula da samarwa da rabawa a cikin iyakarsu. Jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi wannan iko tun 2024. Ma'anarsa, zancen wuta ya matso daga Abuja zuwa majalisar jiha, inda ɗan majalisar mazaɓarki ke zaune, wanda kin san gidansu, wataƙila ma kin san matarsa.

A ganina, a matsayina na mai aikin jinya, duk dokar da za a yi a kan makamashi ko tonon ƙasa, ta tarayya ce ko ta jiha, ya kamata ta ƙunshi abubuwa huɗu. A auna ruwan rijiyoyin garin kafin a fara aiki, a riƙa maimaitawa, a kuma manna sakamakon da Hausa a asibitin garin. A rubuta kason al'umma da lamba, yadda Kenya ta yi. A sa asibiti da makarantar garin a sahun farko na masu samun wutar, kada turaku su tsallake ɗakin haihuwa su nufi birni. Sannan kamfani ya ajiye kuɗin gyaran wuri tun kafin ya fara, don kada a maimaita jiran da Bagega ta yi. Binciken abin da ke ƙasa kuma aikin hukuma ne da jami'o'i. Muna da Hukumar Makamashi ta Ƙasa, da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ga Jami'ar Tarayya a nan Gusau. 'Ya'yanmu ne a ciki, a ba su kayan aiki.

Naki aikin, uwargida

Na farko, ruwan gidanki. Idan an haƙa sabuwar burtsatse a gida ko a unguwa, ki matsa wa maigida a kai ruwan a auna kafin a fara sha. Hasken ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ce. Idan yana fitowa da zafi, ko da warin ƙwai, ko ɗanɗanon ƙarfe ko kanwa, kada a dama wa yaro koko da shi sai an auna. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da fuloraid ko dalma ko arsanik, sai ma ta ƙara musu kauri idan ruwan ya ƙone.

Na biyu, ki duba haƙoran yaranki. Idan yaran unguwa ɗaya da yawa na fitar da haƙora masu ɗigon fari kamar alli ko ruwan ƙasa-ƙasa, a gaya wa ma'aikatan lafiya, a duba ruwan.

Na uku, idan kun je wurin ruwan ɗumi yawon buɗe ido ko neman magani, wanka kawai, ban da sha. Mai ciki ta guji daɗewa cikin ruwa mai zafi sosai, musamman a watannin farko. Jariri kuma fatarsa ba ta jure abin da taki ke jurewa.

Na huɗu, idan maigida ko ɗanki na aikin haƙar zinare, kada dutse ko turmin dakansa su shigo gida. Ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro, kayan aikin kuma a wanke su daban.

Na biyar, idan aka ga baƙi da na'urori suna aune-aune a bayan gari, tambaya ba rashin kunya ba ce. Su wane ne, wa ya ba su izini, me za su tona, ina rahoton muhalli? Ba sai kin je fada da kanki ba. Ki faɗa wa maigida, ki tayar da zancen a Islamiyya da wurin adashi da ƙungiyar mata. Kusan kowace mazaɓa tana da kwamitin raya lafiya da ke aiki da asibitin yankin, kuma akwai kujerun mata a ciki. Idan za a zauna yarjejeniya da kamfani, a nemi mata su shiga, domin mai ɗebo ruwa da mai jinyar yaro ita ta san tambayar da maza za su manta. Tun ran gini ran zane.

Ina so in ji daga gare ku a ƙasan wannan rubutu. Akwai rijiya ko burtsatse a garinku da ke fitar da ruwan ɗumi ko mai wari? An taɓa auna ruwan unguwarku? Asibitin da kike zuwa awo, da wace wuta yake aiki da dare? Ki rubuto da sunan garin kawai, ba sai kin sa naki ba.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan zazzaɓin yara, da yadda za ki gane wanda za a iya kula da shi a gida da wanda ba ya jiran gari ya waye. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.